Lafiyar Batirin Baba Adana

Baba Adana tela ne, kuma ba a banza aka laƙaba masa wannan suna ba. Kujerun falonsa har yau suna cikin ledar da suka zo da ita, duk baƙon da ya zauna sai ya tashi da gumi a bayan riga. Akwai takalmin da ya ɓoye a kwali don ranar fita kunya. Da ranar ta zo ya ɗauko, sai ƙasansa ya marmashe masa a hannu. Shi da bakinsa yakan ce, "Ni dai Allah ya yi ni mai gadin kayana."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa. Can ta haihu, yarinyar har ta fara surutu ba ta san kakanta ba. Shi ya sa ta aiko masa da sabuwar waya, ta ce, "Baba, don kiran bidiyo na saya. So nake ta san fuskarka." Ya yi murna ƙwarai, don shi ma abin yana damunsa.

Da mai askin da ke kusa da shagonsa ya yi shiru, da an zauna lafiya. Amma ina! Ya karɓi wayar ya jujjuya. "Baba, batirin wannan ai randa ne, sai ka kwana biyu ba ka nemi caja ba." Ya latsa nan ya latsa can, ya nuna masa wani rubutu. "Ka gani? Lafiyar batir, ɗari bisa ɗari."

"Au, batir ma yana da lafiya?"

"Sosai ma. Kuma in ta ragu ba ta komawa. Kada caji ya wuce tamanin, kada ya yi ƙasa da ashirin. Babban abokin gabarsa kuwa zafi ne."

Shi ke nan, Baba Adana ya samu sabon aiki, ɗinki ya koma na wucin gadi. Sai ya saka caji ya tsaya a kai yana leƙe. Ya taɓa barin wani mutum tsaye, hannuwa a buɗe, tef ɗin awo rataye a wuya, ya ruga ya zare caja don ya hango saba'in da tara. Fankar shagon da take hura masa ƙeya tun zamanin ƙuruciya, ya juya ta wajen waya, shi yana taka keke yana tsiyayar gumi. Yakan share fuska ya ce, "Kai Adana, tsufa ya zo maka da reno."

Matarsa kuwa ta ce, "Malam, ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa samun fifita irin ta wayar nan ba."

A kiran bidiyo na farko, sai ya ji bayan wayar ya ɗumama a tafinsa. Ya tuna maganar mai aski. Ya ce sabis babu kyau, ya katse. Daga ranar, in Auta ta kira bidiyo sai ya ƙi ɗauka, ya bi ta da kiran murya, ya yi gaisuwa a tsaye kamar wanda ya bar madara a wuta. Yana jin yarinyar a gefe tana cewa a ba ta Kaka, ransa ya sosu, amma sai ya ce wa kansa gobe. Ai wayar don jikar yake adanawa, ko ba haka ba?

Duk da wannan hidima, wata safiya ya duba ya ga casa'in da tara. Innalillahi! Bai buɗe shago ba ranar. Kunyar Auta ta kama shi, ta ba shi amana ga shi ya fara ɓatawa. Ya aika mata saƙon murya, gajere don kada ya ƙara ɓarna: "Auta, lafiyar ta fara raguwa. An ce ba ta komawa, wai zafi ne. Ki yi haƙuri da ni." Ya kashe wayar, ya naɗe ta a ƙyalle, ya kwanta.

Auta ta kira ta kira, waya a kashe. Ta kira uwarta. Tsohuwar ta san komai sarai, amma ita ma kewar 'yarta take yi, sai ta ce, "Yana nan kwance, ya juya wa bango fuska, ko abinci ya ƙi ci."

Washegari da hantsi sai ga Auta a ƙofa, idanu sun kumbura, jaka a kafaɗa, yarinya a hannu. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaura masa abin awon jini a dantse.

"Baba, wane likita ne ya ce ba ta komawa?"

"Mai aski ne."

"Mai aski?"

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya warware ƙyallen ya miƙa mata wayar. "Lafiyar wannan nake nufi."

Auta ta dubi waya, ta dubi uwarta. Tsohuwar ta ce, "Ni an tambaye ni ne, na faɗi abin da na gani." Auta ta zube a kujera, ledar ta yi ƙara, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. "Baba, na bar marasa lafiya na gaske na taho! Batir fa! In ya mutu ai canzawa ake yi."

"Ana canzawa?" Ya dafe kai. "Tsohon banza, Adana. Mai askin nan sai na yi masa aski da almakashina."

Sai a lokacin ya lura da yarinyar, ta maƙale a bayan uwarta tana leƙensa da ido ɗaya. Kamar Auta sak tana ƙarama. Ya durƙusa, gwiwoyi suna ƙara, ya miƙa mata hannu biyu. Ta ƙara noƙewa.

"Mama, wane ne wannan?"

"Kakanki ne mana."

"A'a. Kaka ba shi da fuska."

Baba Adana ya ji maganar har cikin ƙirjinsa, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya yi gyaran murya ya kira ta, a hankali. Yarinyar ta saurara, ta gane muryar, ta tako kaɗan, sai ta tsaya ta ja zanen uwarta.

"Mama, in na je wajensa, zai katse?"