Katunan Akwati Na Huɗu

Shekara shida ke nan da aka binne Baba a nan Riyad, kuma sai watan jiya na iya faɗar ƙaryar da na yi masa.

Ma'aikacin jinya ne. Wani injiniya ɗan Italiya da ya yi jinya a hannunsa, da zai koma gida, ya bar masa garmaho da akwati huɗu na faya-fayan opera, waƙoƙin nan da Turawa ke wasan kwaikwayo da su. Baba ba ya jin ko kalma ɗaya. Amma a gidanmu na Gubaira sai ya rufe taga, ya cusa tsumma a bakin garmahon don kada maƙwabta su ji, tunda a lokacin ba a yarda da kiɗa a fili ba, ya zauna yana yi wa kowane faifai kati mai ɗauke da sunan waƙa da lambarsa.

Shi ya koya mini cewa lamba biyu ce a faifai. Ta kan takardar tsakiya tana canzawa duk sanda kamfani ya sake bugawa. Ta gaskiyar a jikin faifan aka zana ta, ranar da aka ɗauki muryar, kuma ba ta canzawa.

Da ciwon suga ya ci idonsa, saura akwati ɗaya, sai ya ce in riƙa karanto masa lambar jiki ina rubutawa. Shekarata sha bakwai, ƙawayena na jira na a kantunan unguwar Ulaya. Lambar jiki sai an karkata faifai ga haske an ƙura ido. Wa ke da wannan lokacin? Na riƙa karanto ta takarda.

Wata rana na ba shi lamba biyu daga faifai biyu na waƙa ɗaya, mawaƙiya ɗaya. Ya ce, "Ashe sau biyu ta rera. Sake sa mana, 'yar Baba, mu ji inda numfashinta ya bambanta." Na ce, "Yalla Baba, mu gama." Na dai zauna, idona a waya.

Yau ana kiɗa a fili a garin nan, ina wuce allunan tallar mawaƙa a mota, ni ke tuƙi. Da yana nan da ya zare tsumman? Ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa abin da yake ji a waƙoƙin ba.

Watan jiya na haska faya-fayan nan biyu da fitilar waya. Lambar jikinsu ɗaya ce. Na samu Umma a kicin na faɗa mata komai. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ke dai. Da yatsa yake karanta lambar in kin fita. Ya sani."

"To me ya hana shi magana?"

"In ya yi, za ki sake zama?"

Garmahon ya lalace, ban san mai gyara ba. Katunan akwati uku daidai suke, rubutunsa ne, ba kuskure ko ɗaya. Na huɗun nawa ne. Na sayo sababbin kati, amma na kasa yaga tsofaffin, don gefensu ya yi duhu da yatsunsa.

Kullum bayan la'asar nakan ɗauki faifai ɗaya, in karkata shi ga taga, in karanto lambar gaskiyar da ƙarfi. Sannan in zauna ina jira a ce in sake sawa.