Turkar Tsololo

Duk wanda ya taɓa neman ragon Layya a wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda ya san Armiya'u, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ƙarancin magana, wanda ragunansa ba sa wuce shida, amma kowanne sai mutum biyu sun kama kafin ya hau mota.

Mutumin Dauran ne, ta ƙasar Zurmi. Can aka haife shi, can ya yi allo, ya taɓa firamare ya bari a aji huɗu, saboda mahaifinsa na da gonaki uku da ɗa namiji ɗaya. Gero, dawa, wake a tsakani. Shekarar da zuwa gonar nesa ya koma sai mutanen daji masu bindiga sun yarda, mahaifin ya riga ya rasu. Armiya'u ya sayar da shanun huɗa, ya kulle gida, ya taho Kaura wurin yayarsa Adda, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki uku da fili a baya.

Filin nan ya mayar sana'a. Ran Alhamis zai hau mota zuwa kasuwar Shinkafi, ya bi layin dabbobi yana neman ramammun da kowa ke wucewa. Ya duba haƙori, ya shafa gadon baya, ya kawo gida ya ɗaure a turke. Dusa da kanwa da safe, harawa da rana, ƙowar wake da yamma. Ba ya fashi. Haka aka tashe shi. A Dauran, in mutum zai yi tafiya ya bar maka akuya, ba ka mayar masa da ita yadda ya bar ta. In ta koma da ramarta, ko mai ita bai ce komai ba, matan unguwa za su ce.

Ciniki ya karɓe shi, garin ne bai karɓe shi ba. Ya san masu saye, ya san masu dusa, amma ba shi da majalisa. Tsaransa na Dauran sun watse, wani Gusau, wani Sakkwato, wani ya tsallaka Maraɗi. In ya idar da la'asar sai ya zauna bakin turke yana jin raguna na tuƙa har a kira magariba.

Ana haka Nuraddeen ya zo karatu babbar makarantar garin, Adda ta ba shi ɗaki na uku. Ɗan goggonsu ne, wato taubashin Armiya'u, kuma bai taɓa yafe wasan taubasantaka ba ko na rana ɗaya. Ya zo da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gefe, da abin riƙo guda biyu masu maɓallai, waɗanda yake kira fad.

Wata la'asar ya leƙo ta taga.

"Kai baƙauye, taho ka ga ƙasad da ba a turka rago."

Armiya'u ya shigo yana kaɗe dusa daga hannu. "Mine na wanga kuma? Fim na?"

"Ba kallo akai ba, shiga akai. Amshi. A'a, goge hannunka tukun, ba ƙahon rago na ba."

Sunan gem ɗin, wato wasan kwamfutar, na Turanci ya ƙi zama a bakin Armiya'u, sai suka sa masa Jar Ƙasa. Wata duniya ce can bayan taurari, ƙasarta ja, watanta biyu. Mutane sun taho cikin wani ƙaton kumbo, kumbon ya faɗo ya tarwatse, injunan da aka ƙera don su yi musu aiki suka juya musu baya. Kai kuma ka farka cikin sulke mai ɓula, ba ka da komai sai guntun ƙarfe mai tsatsa. Da shi za ka fara. Kowane faɗa ka ci, ka ƙara ƙarfi. Kowane ƙarfe ka tsinta, akwai inda zai yi amfani. In ka hau mataki, sai ka zaɓi inda za ka zuba abin da ka samu, ko ƙarfi, ko gudu, ko wata wuta mai fita daga tafin hannu.

Armiya'u ya gane wannan tun kafin a gama yi masa bayani. Ai turka ce. Ka ɗauko ramamme, ka ba shi kullum, ka ga baya na cikowa.

Amma ba wannan ya fi kama shi ba. Hanya ce. A Jar Ƙasa in ka hango dutse can nesa, kawai ka nufe shi. Ba ka tsayawa tasha kana tambayar direbobi ko hanya ta yi kyau yau. In an tare ka, akwai abu a hannunka. In an fi ƙarfinka aka kashe ka, sai ka tashi inda ka huta na ƙarshe, ka sake gwadawa. Ranar farko da ya bi wata miƙaƙƙiyar hanya tsakanin jajayen duwatsu, ba faɗa, ba komai, tafiya kawai, sai da Nuraddeen ya zungure shi.

"Ina za ka haka? Babu komi can."

"Bar ni. Tahiya nikai."

Kowa ya yi nasa mutumin. Na Armiya'u ƙato ne mai guduma, suka sa masa Bijimi. Na Nuraddeen dogo siriri, Armiya'u ya raɗa masa Tsololo, sunan ya bi shi. Da rana a kai kwamfuta cajin sola a shagon maƙwabci, bayan la'asar a shimfiɗa tabarma, su biyu, kafaɗa da kafaɗa, har ladan ya raba su.

Mutanen gem Turanci suke yi, a rubuce da baki. Nuraddeen ne mai fassara, kuma ba a rantsuwa da fassararsa.

"Mi tsohon ga yac ce?"

"Ya ce wai kai da ganinka ba ka wanka."

"Ƙarya kakai."

"To karanta da kanka, ɗan aji huɗu."

Sai ya yi dariya ya faɗi na gaskiya. Ta bakinsa Armiya'u ya san wane ne maci amana a garin da ke ƙarƙashin rumfar gilashi, da abin da ya sa injuna suka haukace.

Wasansu ba iri ɗaya ba ne. Armiya'u na tara kaya, yana gyara sulke, ba ya barin ko ƙusa a ƙasa. Nuraddeen kuwa yawo. Ya tsaya ya yi hira da kowa, ya shiga ramin da ya fi ƙarfinsa, a kashe shi, ya tashi yana kyakyatawa. Guntun ƙarfensa mai tsatsa ma ya ƙi canzawa. Akwai wata maƙeriya mai ido ɗaya a bakin garin, wadda ta roƙi Tsololo ya nemo mata ƙanenta da ya ɓata cikin ɓaraguzan kumbo. Nuraddeen ya yi ta ajiye wannan aikin.

"Wagga mata akwai abin da taka ɓoyo. Bari in ƙare jarabawa, in zauna mata da kyau."

Ya gama jarabawa, bai zauna ba. Wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ya ɗauke shi, can Kudu. Ran da zai tafi ya ɗora kwamfutar kan katifar Armiya'u.

"Can aiki na, ba zama. Aje min ita. Babbar Sallah ina nan tahe, mu buɗe ƙohwar ƙarshe tare. In ka shiga ba ni, Allah ya isa."

"Tahi can. Wa ka jiranka?"

Shi Armiya'un ke jiransa. Tun motar ba ta fita tasha ba ya fara.

La'asar ta koma yadda take da, sai dai yanzu akwai kwamfuta. Armiya'u ya ci gaba da Bijimi shi kaɗai. Mutanen gem na magana, bakinsu na motsi, rubutu na wucewa, ba mai ce masa ba ya wanka. Ya yi ta tafiya har ya kai ƙofar ƙarshe, wata baƙar ƙofa a cikin zuciyar kumbo. Ya tsaya a gabanta, ya juya. Wannan ta su biyu ce.

A nan ne ya duba Tsololo. Bijimi na mataki na hamsin, Tsololo na sha ɗaya. Sulke a ɓule, ƙarfe da tsatsa. Kunya ta kama Armiya'u kamar an shigo an ga ragon wani a turkensa haƙarƙari a waje. Mutum ya bar maka abu, abin kuma mai girma ne, ka mayar masa haka? Ya ɗauki fad na biyu.

Ya yi wa Tsololo turka irin wadda bai taɓa yi wa dabba ba. Ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya ya share. Ya sayar da guntun ƙarfe ya sayo takobi mai shuɗiyar wuta. In rubutu ya fito da zaɓi uku ko huɗu, sai ya danna na sama, don aiki ya yi gaba. Aikin maƙeriya ma ya yi shi. Ya sami wani sulke da ƙasusuwa a ciki, ya kawo mata wani abin wuya, ta yi doguwar magana, ya danna na sama. Da ya dawo, shagonta a rufe. Kayan aikinta sun shigo jakar Tsololo, masu kyau kuwa.

Adda ta tsaya bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Kai da akwatin ga, ko aure za a ɗaura muku? Fita ka ga mutane mana."

"Ajiyar Nuraddeen ta, Adda. Gyara ta nikai."

In sun yi waya da Nuraddeen ba ya faɗa masa. So yake ya ga fuskar taubashinsa.

Nuraddeen ya iso ana jajiberin Sallah, ya yi baƙi, ya yi ƙiba, waya biyu a aljihu. Raguna duk sun tafi sai na gida. Aka ci tuwo, aka yi tambayar hanya, aka yi la'asar. Armiya'u ya riga ya shimfiɗa tabarma.

"Har yanzu tana tashi? Na aza ka ba raguna sun cinye."

"Zamna dai."

Tsololo ya bayyana cikin sulke mai sheƙi, mataki na hamsin da biyu. Armiya'u ya ƙara masa biyu a kan nasa, don kada a ce ya fifita kansa. Ya saci kallon Nuraddeen.

"Wane na wanga?"

"Tsololonka na."

"Ina ƙarhena?"

"Mai tsatsa? Na saida."

Nuraddeen ya ɗauki fad. Ya buɗe taswira. Duk inda ya bari a rufe an buɗe, duk aikin da ya ajiye an yi masa alamar gamawa. Ya ruga da Tsololo bakin gari, ya tsaya gaban rufaffen shago.

"Maƙeriya hwa?"

"Ta tashi."

"Ta tashi zuwa ina? Mi tac ce? An ga ƙane nata?"

"Na ga ƙashi cikin sulke. Ta yi magana mai tsawo."

"Kai mi kac ce mata?"

"Na sama."

Nuraddeen ya kalle shi. Dariya ta zo masa, amma ba irin ta da ba, gajeriya ce.

"Armiya'u, ba rago na ba hwa. Ramar nan ita nika so. In shiga a kashe ni, in koma, a kashe ni, ran nan in ci. Yanzu mi za ni yi da shi? In kai shi Shinkafi?"

"Cewa niy yi in ka zo ba mu wahala."

"To. Mu je ƙohwar."

Suka buɗe baƙar ƙofa tare, kamar yadda aka yi alkawari. Uban injunan ya taso, ya cika allon kwamfuta, idanu jajaye ta ko'ina. Armiya'u ya gyara zama. Watanni yana hango wannan faɗan, yana ganin za a kashe su a sake kashe su, su yi ta zagin juna har magariba, gobe su dawo. Bijimi ya kai guduma. Tsololo ya kai sara, ya ƙara. Abin ya durƙushe, ya kama da wuta.

Shi ke nan.

Kiɗa ya tashi. Fuskoki suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da rubutu a ƙarƙashi, ana faɗin yadda kowa ya ƙare.

"Mi sunka ce?" in ji Armiya'u.

Nuraddeen ya karanta. "Wai wata Kwamanda ta yahe maka. Wace ta?"

"Mai gashi fari. Na ɗauko ta cikin wani rami."

"Mi kay yi mata da za ta yahe maka?"

"Ni ina niƙ sani? Ba ni jin abin da suka cewa."

Fuskoki suka ci gaba da wucewa a gabansu. Ɗaya ya san su bai san abin da suka faɗa ba, ɗaya na karantawa bai san ko su wane ne ba. Maƙeriya ba ta fito ba. Rana ba ta ko sauka daga kan katanga ba.

"Mu soma sabo," in ji Armiya'u. "Tun daga tsatsa. Ba ni taɓa maka."

"Gobe, in Allah ya so."

Gobe Sallah ce. Jibi Nuraddeen ya tafi Zurmi gaida mahaifiyarsa. Da ya dawo, abokan makaranta suka ɗauke shi. Tabarma na nan a shimfiɗe kowace la'asar, Adda na kewaye ta da tsintsiya.

Ran komawa Armiya'u ya raka shi tasha, ya ɗauko kwamfutar a jaka ko zai ce a ba shi. Nuraddeen ya tura masa ita.

"Riƙe ta. Na bar maka, taka ta. Kai ka jin daɗinta."

Armiya'u ya gane nufin maganar. Mai ajiya yana dawowa ya karɓi abinsa. Wanda ya yi kyauta ba abin da zai dawo da shi.

"Ba ni so."

"Kai, baƙauye, kyauta ta!"

"Ba ni so. Ajiya dai. Taka ta, kuma ka zo ka amsa."

Nuraddeen ya yi dariya, ya daki kafaɗarsa, ya shiga mota. Ta taga ya ce wani abu, ƙarar injin ta cinye.

Da la'asar Armiya'u ya kunna kwamfuta, ya ɗauki fad na biyu, ya yi sabon mutum, dogo siriri. Mutumin ya farka cikin sulke mai ɓula, guntun ƙarfe a hannu, jar hanya a gabansa. Can gefen gari hayaƙi na tashi daga shagon maƙeriya, a buɗe yake. Akwai wata ƙusa a ƙasa, taku kaɗan daga inda mutumin ke tsaye, tana ƙyalli. Babban yatsan Armiya'u ya motsa da kansa. Ya janye shi, ya ajiye fad ɗin a kan tabarma, ya bar mutumin nan tsaye inda ya farka.