Munduwar Kaka da Miyar Karkashi

Duk ranar da nake kaɗa miyar karkashi sai na kalli wuyan hannuna na hagu na yi dariya ni kaɗai. Bari ka ji dalili.

A gidanmu na unguwar Bagadaza akwai wata munduwar azurfa mai buɗaɗɗen baki, wadda Kaka ta gada wajen mahaifiyarta tun suna Katsina. Duk jikanyar da aka kawo mata yaye sai ta matse mata ita a hannu, ta zauna nan har a kawo wata. To, bayan ni sai aka yi ta haifar maza. Shekaru suka ja, ni kuwa ban taɓa yin faɗa da tuwo ba. Ranar da Goggo ta kawo 'yarta yaye, tsakiyar damina, munduwa ta ce ba inda za ta.

Goggo ba ta da haƙuri. Nan da nan ta aro filaya wajen maƙwabcinmu mai gyaran keke.

"Inna, a ɗan buɗe ta mana. Ai ba ta da wuyar buɗewa."

"Sauƙin nata nake tsoro," in ji Kaka.

Ta tsinko waya a jikin tsohon kejin kaji ta ba ni, ta ce in lanƙwasa. Na lanƙwasa. Ta ce in ƙara ta wannan gefen, sai na ji wurin ya yi tauri yana min gardama. Da ta ce in mayar da ita baya kuwa, sai ta biyo ni kamar dama jira take yi. Abin ya ba ni sha'awa, na yi ta kai da komowa, can sai ga waya ta rabu biyu, bakinta da ɗumi. Sannan Kaka ta juya munduwar ta nuna mana wani tsagi siriri kamar silin gashi. Ashe matsewa da buɗewar da aka yi ta yi sun gajiyar da ita, ƙila ta gaba ce za ta karya ta. Ita kaɗai ce kuma abin mahaifiyarta da ya rage mata. Ni kuwa na ɗauka hannuna za a yanke.

Kaka ta jiƙa karkashi mai kauri. Ta sa na tsaya riƙe da igiyar shanya, hannu a sama, har jijiyoyin suka kwanta. Ta lafta min yauƙin har gwiwar hannu, ta naɗe babban yatsana cikin tafi, tana murzawa a hankali tana tsokanata.

"Kin cinye min hatsi, yau kuma ga miyar darena a hannunki."

Ina cikin dariya da hawaye na ji sulluɓ, munduwa ta faɗa ƙwarya. Goggo ta rangaɗa guɗa har mai gyaran keke ya leƙo neman filayarsa. Kaka ta naɗa wa munduwar zare har ta zauna daidai a hannun yarinyar, ba ta matse ta ba. Rannan da miyar kuka muka ci tuwo, ban kuma taɓa jin daɗinta haka ba.

Yanzu 'yan mata awarwaron kasuwa suke sawa, ya karye a sayi wani. Munduwar tana wurina, tsagin yana nan yadda Kaka ta bar shi, Allah ya jiƙanta. Makon jiya aka kawo min jikanyata yaye. Na naɗa zare na zura mata, na zauna ina kallon yadda take kai loma. Da gari ya waye na shuka karkashi a bayan ɗakina.