Ƙauyuka Uku da Aka Shafe Sau Biyu

Bayan na yi ritaya, na duƙufa wajen rubuta tarihin ƙauyuka uku da ruwan madatsar Tiga ya cinye, ciki har da wanda aka binne cibiyata. Kowane dattijo da na zauna da shi, na ware masa fayil nasa a kwamfuta: wanda ya san rijiyoyi, wanda ya san maƙabartu, wadda ta tuna inda marina take. A makarantar mishan an hore mu cewa idan kwafi mai tsabta ya kammala, daftari ya zama shara. Saboda haka na ƙone takardun hannu.

Da ganina ya raunana, na miƙa kwamfutar ga mijin 'yata, ma'aikaci a Kiru, domin ya daidaita shafuka kafin a kai maɗaba'a. Shafuka kawai na ce.

Ranar da ya dawo da ita, na buɗe wurin binciken da ke leƙa fayilolin gaba ɗaya, na rubuta sunan garinmu. Babu. Na goge tabarau, na sake. Na gwada sauran biyun, duk babu.

"Ina garuruwan?" na tambaye shi.

"Ai na gyara, Baba. Sunayen nan ba sa kan taswira. Na maye gurbinsu da sunan matsugunin da aka zuba ku. Dannawa ɗaya, duka fayilolin."

"Ukun duka da suna ɗaya?"

"To, ba wuri ɗaya kuke yanzu ba? Ko kifaye ne za su karanta littafin?"

Ya yi dariya. Ban taya shi ba.

"A mayar yadda yake."

"Na riga na adana a kai, Baba. Ba ka da wani kwafin?"

Ko gwamnati, da za ta tashe mu, sai da ta aiko da sanarwa.

Dattawan da suka ba ni labari duk sun rasu. Na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Inda na tabbata, na mayar da sunan gaskiya. Amma rijiyar da ke gindin tsamiya, ta wane gari ce? Kabarin limamin da aka bari a ƙarƙashin ruwa fa?

Mai maɗaba'a ya ce in cike da kowanne daga cikin ukun, ba wanda zai gane. Na ce ni zan gane. Haka littafin ya fito, da gurabe farare a tsakiyar jimloli.