Zauresh Apai, Wadda Ta Koya Mana Jira

Wanda Ya ba mu aronki Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 'yarki Akmaral ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Hannuna kawai ta riƙe, na gane. Zauresh apai, kamar yadda muke kiran babbar mace don girmamawa, kin cika kina da shekara saba'in da tara, a ɗakinki na hawa na biyu, taga a buɗe kamar yadda kike so, ƙamshin tuffa yana hawowa daga tsakar gidajenmu, duwatsun bayan Almaty sun yi fari fat da ƙanƙarar farko.

Shekara talatin da ɗaya kika yi kina zana fuskoki da dazuzzuka a gidan wasan 'yar tsana. Bayan kin ajiye aiki, wata tsohuwar ɗalibarki ta kawo miki tsarabar katin tarot, katunan nan saba'in da takwas masu hotuna da wasu ke duba da su. Kika juya su ɗaya bayan ɗaya, kika ce, "Hotunan da kyau, amma mutanen nan ba su taɓa shan shayi da mu ba." Damina biyu da hunturu biyu kika kwashe kina sake zana su. Sarauniyar katunan ta fito da fuskar matar da ke sayar da madarar goɗiya a kasuwa. Wawan cikinsu ya zama makiyayi mai tafiya a bakin kwazazzabo, idonsa na kan gajimare. Katin Wata kuwa, in mutum ya daɗe yana kallonsa, sai ya ji kamar ciyawar jeji tana kaɗawa a hannunsa.

Daga nan kika samo faifan katako, kika zana hanya mai murɗewa kamar bayan dodon koɗi, gida-gida. A jefa ƙashin idon sawun tunkiya irin wanda muka yi wasa da shi muna yara, a matsa da maɓallin riga, a ja kati. Wanda ya ja sai ya faɗi abin da ya gani a hoton, da abin da ya tuna masa. Sai ya gama za ki gaya mana sunan katin da ma'anar da mutanen da suka ba shi. Duk Asabar bayan azahar falonki ya cika, shayi da madara yana zagayawa, baursak, soyayyen burodinmu, mai zafi a tsakiyar tebur.

Duba dai kin ƙi yi wa kowa. Tolegen agha, wato yaya Tolegen, tsohon direban bas da ke hawa na ƙasa, kullum sai ya gwada ki.

"Apai, duba min nan, gwiwar nan tawa za ta warke kuwa?"

"Tolegen, takarda ce da fenti, ni na shafa shi da hannuna. Gobe ta Allah ce. Gwiwa kuma ta likita ce, ka je ka daina yi mana raki."

"To ko aure zan ƙara?"

"Wannan ba sai na ja kati ba. Babu mai ɗaukar ka."

Har da shi ake dariyar.

Ni ba don wasa na fara zuwa ba. A shekarar da na fara zuwan, mijina Sabyrzhan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, magana ta ƙi. Wata bakwai ina zaune da mutumin da ya saba cika gida da surutu, ga shi nan, ga idanunsa, amma kamar yana can ƙarƙashin ruwa yana kallona. Na yi ta yi masa magana har na gaji, na koma yi masa komai ba tare da na tambaye shi ba. Na fara mantawa da muryarsa, wannan ne abin da ban gaya wa kowa ba.

Kika tare ni a matakala ina ɗauke da kayan shanya. "Nurila, 'yata, ki kawo min shi ranar Asabar."

Na ce, "Apai, ai ba ya magana."

"Na ce miki ya zo ya yi wa'azi ne?"

Asabar uku yana jan kati, ni ina karɓa ina faɗa a madadinsa. A ta huɗu kika ɗora hannunki a kan nawa. "Yau ki bar shi. Katinsa ne."

Abin da ya ja shi ne Takubba Shida: kwale-kwale a kan ruwa mai launin toka, mutum a tsaye yana tuƙi, mace a zaune ta lulluɓe kai. Sabyrzhan ya zuba masa ido. Mu goma sha ɗaya ne a falon. Tolegen agha ya buɗe baki, kika yi masa kallo ɗaya, ya rufe. Shayi ya huce a kofuna. Hasken rana ya tashi daga kan tebur ya hau bango. Ban san ko minti goma ba ne ko awa guda. Na ji dai kamar falon ya saki ƙasa yana yawo da mu a hankali. Kunya ta kama ni, na so in ce a wuce shi. Kika ƙara matse hannuna.

Sai leɓensa ya motsa. "Bal…khash."

Tafkin da ya kai ni muna saurayi da budurwa, ya ari kwale-kwalen kawunsa, iska ta kusa kifar da mu. Ya ɗora yatsa a kan matar da ke hoton, ya juyo gare ni. "Ke… kin ji… tsoro."

Na ce, "Ƙarya kake, kai ne ka ji tsoro!" Ina faɗa ina kuka, shi yana dariya da rabin fuskarsa. Tolegen agha ya fyace hanci ya ce hayaƙin kicin ne ya shiga masa ido, alhali babu abin da ke kan wuta. Ke kuwa kika tashi kika ɗora sabon shayi, kamar ba a yi komai ba. Daga baya na zo godiya, kika ce, "Ni ban yi komai ba, katin ma bai yi ba. Maganar tana nan, ba a ba ta lokaci ba ne." Yau Sabyrzhan yana magana, a hankali, yana tuntuɓe, har faɗa muke yi.

Da ciwo ya kwantar da ke a ƙarshen bazara, kika hana mu zuwa da fuskar jimami. Ashe kina can kina shiri. Ranar sadakar bakwai Akmaral ta fito da ambulan goma sha tara, kowanne da sunan gida ɗaya a rubuce da hannunki. Kin raba katunan kaf, wani gida huɗu, wani biyar. Faifan katakon kuma kika bar wa Tolegen agha, da 'yar takarda: "Gidanka ne a ƙasa, babu mai hawa bene. Wasan ba ya yiwuwa sai kowa ya zo da nasa. Wanda ya yi fushi da wani, ya san kati nawa ya hana mutane."

Asabar da ta wuce mun taru. Muka haɗa katunan muka ƙirga, saba'in da takwas cif, babu gidan da ya ƙi zuwa. Aka rasa mai fara jifa. Can Sabyrzhan ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki ƙashin.

Ya Allah, ga baiwarKa Zauresh ta zo gare Ka. Ba ta taɓa cewa ta san gaibu ba, ta bar maKa shi. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka saurare ta da rahama kamar yadda ta saurari bayinKa da haƙuri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Akmaral da mijinta Daulet, da jikokin Zauresh apai, da 'yar'uwarta Kulyash apa da ke Taraz, da dukan maƙwabtanmu. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi, Ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.