Labaran da Baba Ya Jiyo a Bakin Ƙofar Aji

Babanmu bai taɓa zama a bencin makaranta ba, amma ya yi shekara talatin da wani abu a cikinta. Farrash ne, wato shi ke share azuzuwa, ya kai alli, ya dafa wa malamai shayi, a wata makarantar maza da ke wajen unguwar Anbariyya a Madina. Da ƙafa iyayensa suka taho da shi daga ƙasar Damagaram yana ɗan yaro, suka sauke farali, suka yi zamansu. Mu a unguwar Harra ta Gabas aka haife mu, ni ce auta, kuma ni ce mai bakin gidan.

A makarantar akwai wani malamin lissafi, Bamisire, wanda in ya ga yara sun fara hamma sai ya ajiye alli ya ba su labarin masanan da. Baba ya gane lokacin. Sai ya ɗauko kofin shayi ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran izinin shiga, ba zai motsa ba sai labari ya ƙare. Ya ce bawan Allahn nan ya sha shayi mai sanyi ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa ƙorafi ba.

Bayan la'asar yake juye mana abin da ya jiyo, da Hausa, yana zaune a kan tabarma a tsakar gida. Sunaye ba sa zama a kansa, don haka kowa ya ba shi laƙabi. Akwai Mai Wanka, wanda ya gano wata amsa a cikin baho ya fito da gudu ya manta da tufafinsa. Nan Ummanmu takan ce a'uzubillahi ta tashi ta bar wurin. Akwai Mahaukacin Ƙarya, wanda ya yi wa sarkin Masar alkawarin tare kogi, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya haukace da gangan, aka kulle shi, shi kuma ya zauna yana nazarin haske. Akwai Mai Dabino, wanda ɗan itace ya faɗo masa a ka ya hau tambayar me ya sa komai ƙasa yake faɗowa.

Wanda ya fi so shi ne Yaron Ɗari. Malaminsu ya so ya huta, ya ce yara su tara lambobi daga ɗaya har ɗari. Kafin ya gyara zama yaron ya kawo amsa. Baba yakan jera ƙwallayen dabino a ƙasa ya nuna mana dabarar: ɗaya ya kama hannun ɗari, biyu ya kama hannun casa'in da tara, haka har kowa ya sami abokin tafiya, kowane biyu kuma ɗari da ɗaya suke bayarwa. In ya kai nan fuskarsa har haske take yi, sai ka ce ɗansa ne yaron.

Daga wannan tabarmar na ɗauki son lissafi, ba na musu. Amma da na shiga kwalejin malamai mata, sai kaina ya yi girma. Da ma da Larabci muke amsa wa Baba, shi yana Hausa, haka kusan duk yaran unguwarmu suke. Wata rana yana ba wasu baƙi labarin Mai Dabino, na leƙo daga ɗaki na ce, da Larabci, tuffa ce ba dabino ba, ƙasarsu ma ba ta da dabino, kuma ba a tabbatar ta buge shi a ka ba. Na faɗi sunan mutumin har da ƙarnin da ya rayu. Wallahi a lokacin ji nake na yi abin kirki.

Baba ya dube ni ya ce, “To, malama.” Ya zuba wa baƙi shayi, aka shiga wata hira. Daga ranar, in na shigo tsakar gida yana labari, sai ya taƙaita.

Ciwon suga ne ya cinye masa ido, ɗaya bayan ɗaya. Bai yi raki ba. Cewa ya yi ai akwai Makahon Lissafi, wanda idonsa ya mutu amma ya ci gaba da aiki, yana faɗa 'ya'yansa suna rubutawa. Sai ya juyo inda yake jin motsina.

“Auta, ni ba rubutu nake so ba, kar ki gyara mini. Ɗauko rakoda ki ɗauki labaran nan yadda nake faɗa. In na tafi, 'ya'yanku su ji da Hausa.”

Abin da ya roƙa ke nan, bai taɓa roƙona wani abu ba. Na sayo kaset mai minti casa'in. Yamma uku muka yi. Ni dai nawa danna maɓalli ne, littafina a cinya, don jarrabawa ta matso. Yana magana ina bitar darasi. Da muka gama ya ce in karya wa kaset ɗin kunne, wato ɗan abin nan na gefe da in an ɓalle shi ba a iya ɗaukar wata magana a kai. Na ce, “Ba'den, ya Abuya,” wato sai an jima, Baba. Ban karya ba, ban rubuta komai a jikinsa ba. Na jefa shi cikin gwangwanin biskit da ke kan kabad.

Gwangwanin nan kowane gida na mutanenmu yana da irinsa. Iyayenmu ba sa rubuta wasiƙa, kaset suke yi. Alhazai su zo da na dangi, a saurara, a yi kuka, a yi dariya, sannan a ɗauki amsa a kan kaset ɗin nan a mayar. Kaset ɗaya sai ya yi shekaru yana kaiwa yana komowa. Duk wanda ke cikin gwangwani, an riga an ji shi, jiran a yi magana a kansa yake. Na san haka sarai, a gidan na tashi.

Baba ya rasu saura kwanaki a hau Arfa. Bayan aikin hajji alhazai suka cika Madina don ziyara, cikinsu har da wani mutumin garinsu Baba, wanda motarsu za ta tashi zuwa Jidda a ranar da ya zo gaisuwa. Baba yana da ƙanwa ɗaya a can, Gwaggo, wadda aka bari a hannun dangi da za su taho, kuma ba ta ji rasuwar ba. Umma tana takaba, ina kwaleji ina rubuta jarrabawar ƙarshe. Ta sa hannu a gwangwani ta ɗauki na sama. A kansa ta faɗa wa Gwaggo yadda Baba ya yi jinya, da wanda ya yi masa wanka, da inda aka sa shi. Yayyena suka yi nasu, maƙwabta suka shigo kowa ya yi ta'aziyya ya gai da nasa dangin. Kafin in dawo alhaji ya tafi da shi.

Sai bayan kwana biyu na nemi kaset ɗin Baba. Da na gane abin da ya faru, na yi wa Umma tsawar da har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Mace tana cikin takabar mijinta, ni ina tsaye a kanta ina zuba Larabci. Ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, “Ni na iya karatu ne? Ke da kika iya, me kika rubuta a kai?” Na shige ɗaki.

Na yi ƙoƙarin rubuta labaran daga ka. Duk wanda na fara sai ya fito da Larabcin littafi, da sunansa daidai, da ƙarninsa daidai, tuffa tana nan a matsayin tuffa. Ba na Baba ba ne. Na yaga na bari.

Shekara shida bayan haka, ina koyarwa, na yi aure har da 'ya, ɗan Gwaggo ya zo aikin hajji. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu bara, ta bar saƙo a ba mu. Ya warware wani tsohon ɗankwali, sai ga kaset ɗin. Ya ce ba ta taɓa yarda a ɗauki amsa a kansa ba, saboda akwai muryar yayanta a ƙarshe. Na juya shi a hannuna. Kunnuwan biyu duk a karye, ita ta karya su da tsinke.

Muka nemo rakoda a wurin maƙwabta. Umma ta zauna ta saurari kukanta na shekara shida da suka wuce, da gaisuwar mutanen da wasunsu ma sun bi Baba. Fuskar farko ta ƙare, muka juya. Can dab da ƙarshe aka ji ƙarar maɓalli, sai muryar Baba ta shigo a tsakiyar magana. Labarin wani masani yake, wanda yana gargarar mutuwa abokinsa ya zo dubiya, shi kuma ya hau tambayarsa wata mas'alar gado. Abokin ya ce yanzu lokacin wannan ne? Masanin ya nuna masa gara ya tafi da saninta da ya tafi babu. Baba ya yi 'yar dariyarsa, ya yi tari, sannan muryarsa ta matso kusa.

“Auta, ni ma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Yaron Ɗarin nan, da malamin ya ce har ɗari da ɗaya fa? Ai wani zai rasa abokin tafiya. Wane ne, kuma yaya ake yi da shi?”

Aka ji ana buɗe shafin littafi. Sai muryata, a gajiye, ko kai ban ɗaga ba: “Ba'den, ya Abuya.” Kaset ya tsaya.

Ban ma tuna ya yi tambayar ba. Umma ba ta dube ni ba, ta dai ja mayafinta ta rufe fuska. Hamsin da ɗaya ne, Baba. Shi ke tsayawa a tsakiya shi kaɗai, sai an gama da sauran a ƙara shi. Na taɓa gwada faɗar amsar ina duban agogo, ko rabin minti ba ta kai ba.