Rijiyar da Ta Koma Gonar Maƙwabci

Sati uku na yi a kan babur tsakanin Boɗinga da Kajiji, ina auna gonakin albasa da na'ura, ƙaya ta gama da ƙafafuna.

Da na ɗora aikin a taswirar intanet, sai ga rijiyar wani dattijo ta koma gonar maƙwabcinsa. Kwana biyu ina fama.

Abokin aikina, wanda ko ƙauye ɗaya bai taka ba, ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Malam, a tsohon ma'aunin Minna ka saita na'urarka, taswirar kuwa da na duniya take aiki." Ya sauya lamba ɗaya a manhajar, kowace gona ta koma mazauninta. Na yi masa godiya, amma iyakarta baki.

Ranar da muka nuna wa manoma taswirar, dattijon ya ga rijiyarsa, ya kama hannun abokin aikin nawa yana ta sa masa albarka. Sannan ya juyo wurina, ni da na sha furarsa sau uku, ya ce, "Mai kabu-kabu, kai ma sannunka."